Yadda Zaharadeen Ya Yi wa Inbata Ƙarya

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na Gangaren Tudu ya san Zaharadeen. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don tun daga kwanar titi ake jiyo ta. Shi ne wanda ya je Abuja ya yi 'yan watanni yana riƙe wa masu haɗa sola tsani, ya dawo Keffi da testar gwada wuta a aljihun gaba da sabon suna, wai Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta kiran kansa da shi har mutane suka gaji suka karɓa.

"Ni fa wutar lantarki ta san ni," haka zai ce yana kaɗa shayi. "Akwai wani gida a Maitama, inbata ta ƙi tashi. An kira wannan, an kira wancan, har Bature aka ɗauko. Ina shiga na yi gyaran murya, sai ga ta ta kama."

"Ikon Allah," in ji mai shayi. "To fankar masallaci fa?"

Fankar masallacin unguwa dai tun da Zaharadeen ya gyara ta baya-baya take juyi, silin na shan iska, masallata na shan gumi.

"Salon Abuja ne," in ji shi. "Zafin take zuƙewa sama. Ku ne ba ku waye ba."

Abu ɗaya ne a rayuwarsa babu cika baki a ciki: yana son Mu'mina. So na gaskiya, irin wanda ke hana mutum cinye tuwonsa. Mu'mina malamar firamare ce, 'yar Baffa Hamma da Inna Hapsatu, Fulanin da shanunsu ke ruga ta hanyar Agwada amma suka yi gida a cikin gari. Ita ma tana son sa, ta ce yana ba ta dariya. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin Baffa Hamma. Tsohon ba shi da yawan magana, kuma bai yarda da mai yawan magana ba. Da aka kai masa zancen sai ya ce, "Yaron nan mece ce sana'arsa? Ni dai muryarsa na sani." Da ƙyar ya yarda manyan Zaharadeen su zo ranar Asabar, ya ce a ranar zai ba su amsa, ko e ko a'a.

A ƙofar gidan, Inna Hapsatu na da shago inda take sayar da fura da nono mai sanyi. Karsanarta ta sayar aka haɗa mata inbata, na'urar da ke cajin batir ta kuma ba da wuta daga gare shi, da manyan batura huɗu, irin dogayen nan masu shan ruwa, a wani ɗan sito da ke manne da shagon, don firiza ta riƙa aiki in an ɗauke wuta. Wadda ta haɗa kayan, Martina, injiniya ce ta gaske mai shago a Tudun Ƙofa. Ta manna wata 'yar aba mai girman ƙwallon dabino a jikin batir ɗaya, da doguwar waya zuwa inbata. Sensa ke nan. Aikinta ta riƙa gaya wa inbata zafin jikin batir: in ya yi zafi a sassauta masa caji, in ya yi sanyi a ƙara masa. Shi ke nan fa, babu wani tsafi a ciki.

To bazarar bana ta zo da fushi. Firiza ta fara mutuwa kafin gari ya waye, kindirmo na yin tsami. Inna ta kira Martina, ita kuma tana can Lafiya wajen wani aiki. Ta ce baturan ikwalaiz suke so, wato a ba su caji mai ƙarfi na ɗan lokaci don wanda ya yi baya ya kamo 'yan'uwansa. Ta ce aiki ne da ake yi taga a buɗe, an duba ruwansu, mutum na tsaye yana taɓa jikinsu, da sun yi zafi a tsaya. "Kada kowa ya taɓa, Inna. Ina dawowa zan yi da kaina."

Mu'mina ce ta ba Zaharadeen wannan labari, ba da wata manufa ba, hira ce ta kawo. Ai kuwa sai idonsa ya kawo haske. Sana'a Baffa ke tambaya? To ga sana'a ta kawo kanta har gida! Al'ada ta ce mai neman aure ya ɓuya ranar da manyansa za su je, amma al'ada ba ta ce injiniya kada ya je aiki ba. Manya za su iso su tarar da shi a bakin aiki, baturan surukai sun koma sababbi, Baffa ya ce e tun kafin a kwance goro. Daga nan sai kamfani. Har suna ya samo masa a hanya: Zaha Pawa, da reshe a Akwanga, wani a Lafiya don Martina ta samu inda za ta nemi aiki.

Ranar Asabar da hantsi, aka yi sa'a an kawo wuta. Inna Hapsatu na dama fura sai ta ga mutum ya zube a gabanta cikin sabuwar farar shadda, babbar riga ta sha sitati, testa na leƙowa daga aljihu.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. A'a, yau kuma? Ba yau ne manyanka..." Ta ja mayafi, kunya ta kama ta a madadinsa.

"Ba surukuta ta kawo ni ba, Inna, aiki ne. Na ji batura na ba ki wahala, barci ya gagare ni."

"Martina ta ce kada a taɓa."

"Inna, Martina takarda ta karanta. Ni wutar ita kanta na karanta. Kafin azahar sai kin nemi rigar sanyi a shagon nan."

Bafulatana da kunyar suruki, ta kasa cewa a'a. Ta miƙa masa makullin sito da ruwan leda mai sanyi tana kallon gefe. "To, a dai yi a hankali."

Siton kamar tanda. Zaharadeen ya tsaya gaban inbata ya harɗe hannu, ya karanta lambar ƙarfin cajin da take nunawa. Ba ta kai wadda ya saba gani a Abuja ba. Ita ta Abujan a ɗaki mai sanyin esi take, amma wannan bai zo masa a rai ba.

"Raguwa!" ya ce mata. "Ga wuta an kawo, kina ba su kamar kina rabon magani. Ba dole firiza ta mutu ba?"

Sai ya hango sensa a jikin batir. Ya ɓamɓare ta, ya juya ta, ya shinshina. Gumi ya gangaro masa ido, ya haɗa ta da ruwan ledar a hannu ɗaya don ya share fuska. Yana ɗagowa ya ga lambar ta fara hawa. Ya raba su, ta sauko. Ya haɗa su, ta hau. Ya sake rabawa, ya sake haɗawa, sai ya daka tsalle har hularsa ta bugi kwano.

"Allahu Akbar! Ashe sanyi take so! Duk injiniyoyin Najeriya ba wanda ya gano, sai ni!"

Ita inbata, baiwar Allah, ba ta san komai ba sai abin da sensa ta gaya mata. An ce mata batir na rawar ɗari, sai ta ƙara masa wuta. Batir kuwa na nan yana naso.

Akwai wata kafa a bango inda wayar firiza ta ratsa zuwa shago. Ya zura sensa ta nan, ya jira Inna ta shiga cikin gida, ya zagaya ya buɗe firiza ya cusa ta tsakanin ƙanƙara, can ƙasan robobin kindirmo. Da ya dawo, lambar ta kai inda ko a Abuja bai taɓa gani ba. Ya yi ta danne-danne har ya samo ikwalaiz, ya danna. Ta tambaye shi tsawon lokaci, ya ba ta iyakar abin da take iya karɓa, don shi ba marowaci ba ne.

"Oga Injiniya, me ake dafawa?"

Filomina ce, mai shagon kitso da gyaran gashi na maƙwabta, ta leƙo ta taga da mataji a soke a kanta.

"Abin da ya fi ƙarfin kitso, Madam."

"To ka dai bar tagar nan a buɗe. Ranar da Martina ta haɗa kayan ina tsaye, ta ce batir na fitar da mugun numfashi in yana caji."

"Au, ke ce 'yar leƙen asirinta? An turo ki satar fasaha?"

"Fasahar fankar masallaci? Abeg, ko da kyauta ba na so."

Ya rufe tagar garam. Ya toshe duk wata kafa da kwali, inda kwali bai shiga ba ya cusa tsumman goge batir. Ba a jima ba baturan suka fara ɓul-ɓul-ɓul kamar talge. Ya kara kunne, ya yi murmushi. "Yawwa. Yanzu suka fara cin abinci."

Ya ja ƙofa ya kulle, ya nufi teburin mai shayi. Can ya sanar da 'yan majalisa cewa yau bayan azahar za a ƙaddamar da Zaha Pawa a ƙofar gidan Baffa Hamma, duk mai gajiyayyen batir ya zo ya ga yadda ake mayar da tsoho yaro. Aka tambaye shi sirrin, ya ce sirri ne na sanyi, ba a faɗa a kan shayi. Ya zauna ya ba da labarin Maitama daga farko, wannan karon Turawan sun zama biyu.

Da ya dawo, tun daga nesa yake jin inbata na tsala ihu, fit-fit-fit, jar fitila na ƙyaftawa ta ƙasan ƙofa. Inna na tsaye bakin sito tana murza hannu.

"Me ya sa take kuka haka?"

"Ba kuka ba ne, Inna, guɗa ce. Ta san abin da ke tafe yau."

Inna ta rufe fuska ta koma shago. Shi kuma ya shiga ya ja ƙofa, ya samo wani tsohon bargo ya lulluɓe inbata ruf, har ramukan da take shan iska. Ihun ya koma can ƙasa-ƙasa. Ya ce a ransa, matsala ɗaya ta kau.

Baturan kuwa sun wuce talge, sun kai tafasa. Murafansu na tofar da kumfa. Ya kai hannu zai buɗe ɗaya, ya janye da sauri yana yarfe yatsu, don jikin batir ya yi zafin da za a iya gasa masara. Ya naɗe hannu da rigarsa ya buɗe, ya ga ruwan ya ja baya sosai. Martina ruwan batir na kwalba take zubawa. Shi kuwa ya ce ruwa ruwa ne, batir ba ɗan sarki ba ne. Ya ɗebo ruwan leda daga shago ya yi ta farkewa da haƙori yana tuttulawa, har kowane rami ya cika fal. Nan take suka yi amai, kumfa ta malalo ta ko'ina. Ya nemi tsumma, tsumma na can toshe da taga. Ya goge da hannun babbar riga, na dama ya jiƙe ya koma na hagu, na hagu ya jiƙe ya kamo gindin rigar. Fatar hannunsa ta fara ƙaiƙayi, ya ce alamar arziki ce.

Sai wari ya taso.

Wari fa ba na wasa ba, irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ya kwana a rana. Ya bi ta kafar bango ya shiga shago, ya bi ta ƙasan ƙofa ya fita titi. Matar da Filomina ke yi wa kitso ta miƙe da rabin kai a tsefe, ta ce za ta dawo gobe. Filomina ta fito hanci a toshe.

"Inna Hapsatu, nononki ya lalace, ki zubar!"

Kai, da ta zagi Inna da ya fi sauƙi. Inna ta fito da ludayi a hannu.

"Nonona? Da asuba aka taso da shi daga ruga! Ki dai duba man da kike shafa wa mutane a ka."

"Mai na daga Legas yake zuwa!"

"Shi ya sa ya ruɓe a hanya."

Matan da suka shekara suna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti suka tsaya suna nuna wa juna yatsa. Zaharadeen na jin su daga ciki, idonsa na ruwa, maƙogwaronsa na ƙuna. Ya ce a ransa tsohuwar cutar baturan ce ke fita, in ta gama fita shi ke nan.

A daidai nan manya suka iso. Kawu Abdulmuhaimin ne a gaba, wanda ya riƙe Zaharadeen tun yana yaro, da dattawa biyu a bayansa ɗauke da goro da alawa. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, zauren kuwa bango ɗaya ya raba shi da sito. Baffa Hamma ya fito da ƙannensa, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi shanu, aka tambayi zafi. Sai warin ya shigo ya zauna a tsakiyarsu.

Kawu ya saci kallon Baffa Hamma, ya ce a ransa, tsufa ke nan, Allah ya rufa mana asiri. Baffa Hamma ya saci kallon Kawu, ya ce a ransa, mutanen nan me suka ci kafin su taho? Kowa ya daure, saboda girmamawa. Kawu ya kai hannu hanci kamar mai gyaran gashin baki, ya bar shi a can, ya ci gaba da magana ta cikin yatsu.

"Yaronmu dai, alhamdu lillahi, sana'a a hannunsa take. Duk Keffi an san aikinsa."

"An sani," in ji Baffa Hamma.

Inna ta ga za a ji kunya a gaban baƙi, ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa turaren wuta, ta ba Mu'mina ta ce ta zagaya ta waje ta ajiye a bakin zaure. Mu'mina na fitowa ta ci karo da Zaharadeen, ya fito shan iska, ido jajur, yana tari. 'Yan majalisar mai shayi sun riga sun taru a gefen titi, kowa da hula a hanci.

"Malam Zaharadeen! Me kake yi a nan yau? Me ka yi wa kayan Inna?"

"Tarihi nake kafawa."

"Wari kake kafawa. Daga siton nan yake fitowa. Don Allah ka kashe abin nan, bari in kira Martina."

"Ki kira ta ta zo ɗaukar darasi. Kawo kaskon, tushen warin zan kashe."

Kafin ta yi magana ya karɓe kaskon. Ita kuma ta ciro waya ta kira Martina, ta sa a bayyane yadda kowa zai ji. Shi ya wangale ƙofar sito, ya ɗora kaskon a kan wata kujera dab da baturan, ya cire hula ya yi ta fifita garwashin har tartsatsi na tashi. Sannan ya juyo wajen jama'a, ya ba batura baya, ya buɗe hannuwa, babbar riga ta baje.

"Jama'ar Gangaren Tudu, ku matso ku shaida! Yau ne ranar da..."

Daga cikin waya muryar Martina ta tsage: "Warin ƙwai? Ku kashe wuta, ku buɗe taga, kada kowa ya kai ko ashana..."

Bum!

Murfin batir ɗaya ya tsage ya bugi kwano. Bargo ya yi sama. Zaharadeen ya fito daga sito ba da ƙafarsa ba, ya sauka a kan ciki a gaban jama'ar da ya gayyato. Cika bakinsa ne ya cece shi, don da fuskarsa na wajen batura da yanzu wani zancen ake yi. Bayan rigarsa ne ya sha ruwan asid.

A zaure kuwa girma ya faɗi. Kawu Abdulmuhaimin ya fito da takalmi ɗaya yana salati, dattijon da ke riƙe da goro ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, goro ya watse har cikin kwata. 'Yan majalisa suka tarwatse, suka ga ba wanda ya mutu, suka dawo suka fi da yawa. Mu'mina ta ruga ta kashe wutar gidan daga mita. Inbata ta yi shiru, firiza ta yi shiru.

"Ku zuba masa ruwa!" Martina ke ihu a waya. "Ruwa mai yawa, asid ne, kada ku tsaya!"

Ba a taɓa ba Filomina aikin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba. Ta ɗauko bahon da ta wanke wa mutane kai tun safe, da kumfarsa da gashinsa, ta juye masa. Ta koma ta ɗauko bokiti. Mai shayi ma ya ba da gudummawar ruwan wanke kofi. Zaharadeen ya miƙe yana furzar da sabulu, ya kama hannun riga zai saɓa a kafaɗa yadda manya ke yi, hannun rigar ya biyo shi. Asid ya cinye zaren tun ɗazu, sitati ne kawai ke riƙe da mutuncinsa. Na hagu ya zube, gaban ya zama rariya, bayan ya rabu biyu ya sauka. Aka bar Injiniya da singileti da wuyan riga mai aiki, testa na reto a abin da ya rage na aljihu.

"Salon Abuja ne?" in ji mai shayi.

"Baturan ne jabu," in ji Zaharadeen. "Ba su da juriya. A Maitama..."

Baffa Hamma ne kaɗai bai gudu ba. Ya tako a hankali da sandarsa, ya tsaya bakin sito har hayaƙi ya lafa. Batir ɗaya ya tsage, sauran sun kumbura ciki. Inna na tsaye a bayansa ta ɗora hannu a ka. Tsohon ya saba bin sawun saniya a daji, sai ya bi 'yar siririyar wayar da ido daga inbata zuwa kafar bango. Ya zagaya cikin shago, jama'a na biye da shi. Ya buɗe firiza, ya kawar da robobin kindirmo, ya jawo wayar. Sensa ta fito da ƙanƙara manne a jikinta.

Ya ɗaga ta sama. "Wannan fa?"

"Sirrin ke nan, Baffa," in ji Zaharadeen, har ya ɗan samu ƙarfi. "Ni na gano shi. In ta ji sanyi sai inbata ta ƙara wuta."

Baffa ya dubi wayar da ke hannun Mu'mina. "'Yata Martina, kina ji? Abin nan da kika manna a jikin batir, a cikin ƙanƙara na same shi."

Martina ta ɗaga murya a waya.

"A cikin me, Baffa?"

"Ƙanƙara."

"Yesu! Baffa, ita ce fa ke gaya wa inbata in batir ya ji zafi, don a sassauta masa."

"Wato bakinsa ne."

"Bakinsa ne, Baffa."

Baffa ya gyaɗa kai, ya ajiye sensa a kan firiza a hankali kamar ƙwai.

Kawu Abdulmuhaimin, Allah ya ba shi lada, bai yar da ɗansa ba. Ya samo ɗaya takalmin, ya gyara hula, ya matso. "To, Baffa, tsautsayi ne, kuma kayan da suka lalace a wuyanmu suke. Amma maganar da ta kawo mu..."

"Ba a zaure muke ba," in ji Baffa, "amma tun da yaronku ya gayyato gari, a yi ta a gaban gari. Ni na ce zan ba da amsa yau. Na fasa. Ga mai maganar nan, ita ta kawo shi. Mu'mina."

Zaharadeen ya ji zuciyarsa ta dawo wurinta. Mu'mina ai tasa ce. Ya juya ya yi mata murmushin nan da ke sa ta dariya, kumfa na gangarowa daga girarsa.

Ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai, ta yi magana da mahaifinta, murya ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit har na bakin titi sun ji.

"Baffa, tun safe batir ke cewa ya ji zafi, ya ɗauke bakinsa ya tura a ƙanƙara. Inbata ta yi kuka, ya rufe ta da bargo. Anti Filomina ta yi magana, ya rufe taga. Ni ma na roƙe shi, ya karɓe kaskon a hannuna." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ma mai jin zafi ce, Baffa. Ranar da na yi kuka a gidansa, ban san inda zai kai bakina ba."

Ta juya ta shige gida. Inna ta bi ta.

Ba wanda ya yi dariya, ko mai shayi. Zaharadeen ya buɗe baki. So yake ya ce ita zai ji nata, wallahi zai ji, ko da raɗa ta yi. Kuma wannan karon gaskiya zai faɗa, har cikin ransa. Ya dubi fuskokin mutanen da suka shekara suna sauraronsa, ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai yarda. Bai samu ba.

Kawu Abdulmuhaimin ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa a kafaɗa, ya kama hannunsa.

"Rufe bakin," ya ce. "Mu je gida."